Farar Motar Alhaji Mato da Ta Koma Shuɗiya

Tun ranar da aka datse kogi a Makwar har zuwa yau, ba a taɓa zaluntar ɗan Adam a ƙasar nan kamar yadda mutanen Hillat Sambo suka zalunce ni ba. Ni Sadisu, mai gemun da ya fi na kowa tsari tsakanin Abu Hujar da Dinder, yau wata biyu ke nan a kan tabarmar kaba nake zama a rumfar shan kofi, ƙasa tana cizon ƙuguna. An ɗauke mini kujerata mai laushi. Idan aka sauke jabana, butar kofi, sai ta zaga kowa, har da kurman da bai san an dafa ba, sannan ta iso gare ni: ruwa na uku, ba citta, launinsa kamar an wanke kofi. Ko ɓarawon akuya ana barinsa ya yi magana kafin a ɗaure shi. Saboda haka ku saurara, ku yi hukunci da kanku.

Alhaji Mato manomi ne, yana da hawasha biyu, gonakin ban-ruwa, a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin garinmu. Allah ya ba shi mata ɗaya, Hajiya Rabi'atu, da ɗa ɗaya, Izzuddeen, da baki ɗaya wanda zai ishi mutum goma. Idan ya kama kifi tsawon yatsa da safe, kafin azahar kifin ya kai kamu guda, kafin la'asar sai an haɗa ƙarti biyu su ɗauka.

Izzuddeen ya shekara bakwai a Jidda yana aikin walda. Da aka sa ranar aurensa da Mu'minat, 'yar Malam Mujtaba na ƙauyen gaba, sai ya sayi mota 'yar Koriya, ta hannu amma kamar sabuwa, ya auno ta a jirgin ruwa. Ya biyo ta da saƙon murya a waya, rabi Hausa rabi Larabci, kamar yadda 'ya'yanmu suka koma yi:

"Baba, wagga mota ta aurena ta. Da ita za a yi sera, a raka ni gidan su Mu'minat. Ka kai ta ofishin ta'min a yi mata inshora, ka gaya musu gaskiya, kullu haja, kada ka rage komi. Ka aje ta har in zo bayan an yanke dawa. Don Allah, Baba."

Alhaji Mato ya saurari saƙon nan sau ɗaya. Ya kunna wa mutane shi sau arba'in, amma kullum yakan kashe wayar kafin a kai ga "ka aje ta".

Ranar da motar ta shigo gari, ko mai jego ba ta zauna a ɗaki ba. Fara ce fat, 'yar ƙarama, tana ƙyalli. Alhaji ya shiga, ya murɗa makulli, sai muryar wata mace ta fito daga cikin ƙarfen, ta yi wata magana mai zaƙi da yaren Koriya.

Jama'a suka ja da baya. Tsofaffi suka amsa baki ɗaya, "Wa alaikis salam."

"Mi tac ce, Alhaji?"

"Cewa ta yi, barka da ganin babban mutum."

"Kana jin yarensu?"

"Ya zol, bawan Allah, ni da nit tuƙa tarakta shekara talatin? Inji duk yare guda garai."

Gaskiyar magana, sau ɗaya ya taɓa tuƙa tarakta, shekara talatin da suka wuce, kuma rumbun da ya yi karo da shi bai sake tashi ba.

To, akwai wani masani a garin nan, mutum mai hangen nesa, kyakkyawa, wanda tawali'u ya hana ni faɗin sunansa. Shi ne ya raka Alhaji Mato zuwa Makwar, ofishin wani kamfanin ta'min. Suka tarar da wani matashi dogo mai tabarau, Ustaz Kamal, wanda bai yi musu ko kalma ɗaya ba sai da Larabci. Ya duba takardar jamarik, wadda ke nuna an shigo da motar bisa doka, ya fita ya gwada lambar da ke jikin ƙarfen da ta takarda, ya dawo ya ɗauki biro.

"Launi?"

"Fara," in ji Alhaji. "Farin da in ka dube ta da rana..."

"Fara ta isa. Wurin zama?"

"Biyar."

"Amfaninta fa, ya Hajj? Ta gida ce, ko za ta riƙa ɗaukar mutane da kaya?"

Nan Alhaji ya kumbura kamar talotalo. "Wagga mota? Ai duk Hillat Sambo za ta..."

Masanin nan ya sa yatsu biyu ta ƙarƙashin tebur ya mintsine shi a cinya, ya ce da Hausa, tunda ya san mutumin birni ba ya ji, "Rufe bakinka. Ka taɓa ganin an ƙirga 'ya'ya gaban baƙo? Ba a gaya wa takarda alheri. Takarda ido gare ta. Ka ƙanƙantar da abin."

Ustaz Kamal bai ko ɗaga kai ba, yana ta goge tabarau.

Alhaji ya haɗiye sauran maganar kamar mai haɗiye ƙashin kifi. "Ta gida ce," ya ce da Larabci. "Ni da tsohuwata. Juma'a zuwa Juma'a, masallaci kawai."

Kamal ya rubuta, ya buga hatimi, ya miƙa takarda. "Ya Hajj, abu ɗaya. In ka sake wani abu, ko launi, ko kujera, ko aikin da take yi, ka zo ka faɗa mana mu gyara rubutu. Mu motar da ke cikin takardar nan muka sani. Wadda ba ta ciki, ba tamu ba ce."

"Tamam," in ji Alhaji, alhali hankalinsa na waje, inda wasu mutum uku suka tsaya suna kallon motar.

Kwana uku bayan haka Inna Indo ta fito. Inna Indo tsohuwa ce mai soya gyaɗa, kuma duk garin an san idonta. Ita ce ta taɓa cewa hantsar saniyar maƙeri kamar salka, washegari saniyar ta ƙafe. Ta zaga motar nan sau ɗaya da sandarta, ta tsaya.

"Kai! Fara fat, awa likkafanin mai kuɗi."

Ba masha Allah, ba tubarkalla. Ta wuce abinta.

A ranar kuwa aka gayyaci Liman Bilyamin raɗin suna a ƙauyen gaba, Alhaji ya rantse shi zai kai shi. Ya zaunar da liman a gaba, ya shiga danna duk wani maɓalli da yatsansa ya iske, don a san ya san su. Gilashi ya sauka ya hau, ruwa ya feso, matar nan ta yi magana. Watan zafi ne, irin wanda kaza ke tafiya baki buɗe. Ba su yi nisa ba liman ya fara gyara zama. Ya karkata dama. Ya karkata hagu. Ya fara tasbihi da sauri.

"Lafiya, Malam?"

"Lafiya lau... Alhaji, motar nan tana da murhu?"

"Murhu kuma?"

"Tsaya! Tsaya, don girman Allah! Wuta, ta ƙasa!"

Liman ya fito yana fifita bayansa da rawani, ya ƙarasa raɗin sunan nan a ƙafa, kuma a tsaye ya yi addu'ar. Kafin la'asar labari ya game gari: idon Indo ya shiga motar Alhaji, ya fara da gasa liman.

Alhaji ya garzaya wurin masani, gumi na zuba. Masanin ya shafa gemunsa mai kyau, ya gyara murya yadda ya dace da mai ilimi.

"Ido ya riga ya san ta fara," ya ce. "In ya dawo, farar mota zai nema. A sake mata kama, ya zo ya rasa ta, ya koma ga mai shi."

Aka yi sa'a masanin yana da gwangwani biyu na shuɗin fenti, ragowar wanda aka yi wa ƙofofin masallaci, da ya rasa yadda zai yi da su. Kafin azahar ta washegari mota ta zama shuɗiya, har da rabin fitilar hagu. Aka rataya mata tsohon takalmi a baya da laya a madubi.

Hajiya Rabi'atu ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya. "Alhaji, mi kay yi wa motar yaro?"

"Kariya."

"Ka maishe ta ƙofar masallaci. Ba cewa kay yi mai tabarau ya ce in an sake launi a koma a faɗa ba?"

"Hajiya," in ji masanin cikin ladabi, "wa ke tahiya Makwar don shi gaya wa takarda ya sake riga?"

"Ba da kai nike ba. Kai ko jakinka ba ya bin shawararka."

Wannan ƙarya ce. Wani lokacin yana bi.

Da ido ya kauce, sai Alhaji ya ga ba dalilin ɓoye mota a zaure. Matsalar ita ce mutum huɗu kaɗai ke shiga su yabe shi a tafiya ɗaya, sauran sai su bi shi da kallo. Masanin ya warware wannan ma.

"Kujerar baya ita ta cinye wuri. Cire ta, ka shimfiɗa tabarma, mutum bakwai su zauna su sa maka albarka. Kujerar kuwa kada ta lalace, ni in riƙe maka ita amana."

Haka aka yi. Kujerar ta koma rumfar shan kofi, inda masanin ya riƙe amanar da dukan jikinsa, safe da yamma. Maƙeri ya ɗora wa motar ragar ƙarfe a kai don kaya. Daga ranar, ba suna, ba ta'aziyya, ba cin kasuwar Dinder da aka yi ba da motar Alhaji Mato ba. Ta ɗauki buhunan albasa. Ta ɗauki injin ban-ruwa. Ta ɗauki wata tsohuwa da gadonta. Duk lokacin da Izzuddeen ya bugo waya ya ce, "Baba, ya mota?" sai Alhaji ya ce, "Tana hutawa," ya toshe wayar da hannu don kada a ji kukan awaki.

Saura kwana goma sha biyu ango ya iso, Alhaji ya kira gayyar yankan dawa a hawasharsa. Mutane sun saba zuwa gayya a ƙafa tun kakanni, amma Alhaji ya ce wannan shekara ba mai taka ƙasa. Aka loda: biyu a gaba ban da shi, bakwai a tabarma, biyu a kan raga suna riƙe da tukunyar asida, tuwon 'yan gayya, rago kuma a but, kansa a waje yana kallon duniya. Motar ta durƙusa kamar raƙumi, ta yi nishi, ta tashi.

Hanyar hawasha a kan gaɓar tur'a take, faɗinta bai wuce na amalanke ba. Suna tsakiya sai ga Malam Mujtaba, uban amarya, yana tahowa a kan jaki.

To, kowa ya san ba a gaida suruki da hannu ɗaya. Alhaji Mato mutum ne mai tarbiyya. Ya zuro hannun hagu ta taga, ya ga bai isa ba, ya ƙara da na dama, ya kama hannun Malam Mujtaba gam.

"Malam! Barka da hantsi! Ya iyali? Ya amaryarmu? Ka gan mu cikin ɗan abin hawan..."

"Alhaji," in ji Malam Mujtaba, "wa ke riƙe da sitiyari?"

Babu kowa. Motar ta duba dama, ta ga ruwa, ta sauka a hankali kamar tsohuwa za ta yi alwala. Malam Mujtaba, da yake hannunsa na cikin na Alhaji, shi ma ya bar jakinsa ya bi su.

Allah ya kiyaye, ruwan iya ƙugu ne. Aka fito ɗaya bayan ɗaya ana salati, ana tofar da laka. Rago ya yi iyo ya haye. Tukunyar asida ta bi ruwa, an ce an gan ta a ƙauye na biyu. Da tarakta ta jawo motar, bakanike ya buɗe gabanta, ya leƙa, ya rufe kamar mai rufe fuskar mamaci.

"Inji ya sha ruwa ya ƙoshi. Sai wani."

Alhaji ya zauna a kan laka, ya ɗora hannu biyu a ka.  Saura kwana goma sha biyu, ga motar da yaro ya shekara bakwai yana ƙona idanunsa a walda saboda ita.

"Mi kaka kuka?" in ji masanin. "Ba don irin wagga rana anka yi ta'min ba? Su za su sa sabon inji."

"Motar da ke cikin takarda sunka sani. Fara, mai kujera biyar, mai zuwa masallaci."

"To, sai mu ba su ita."

Aka buga waya Makwar, aka ce Ustaz Kamal zai zo jibi da hantsi. Gari ya tashi da aiki, gayyar da ba a yi a gona ba aka yi ta a kan mota. Maƙeri ya yanke raga, ya bar kututture huɗu kamar ƙahonin ɗan maraƙi. Farin fenti babu shi a garin, amma akwai farar ƙasar da ake shafe bango, kuma masanin ya tabbatar fari fari ne. Aka shafe ta sau uku. Aka je ɗauko kujerar amana, aka tarar akuyar masanin ta ɗan ɗanɗana gefe ɗaya, sai aka yafa darduma a wurin, aka ɗaure kujerar da igiya. Sannan aka tara jama'a aka koya musu karatu: Alhaji shi kaɗai ne a ciki, masallaci za shi, jaki ya gitta.

Liman Bilyamin ya ce shi ba zai yi ƙarya ba. Aka daidaita a kan duk abin da aka tambaye shi ya ce Allah ne masani.

Ustaz Kamal ya iso da jakarsa da tabaransa, ya gaisa da Larabci, aka amsa da Larabci. Garin duka ya kewaye motar. Ya tsaya ya dube ta, ya daɗe yana dubawa. Ya sa yatsa ya shafa ƙofa, yatsan ya dawo fari, ƙofar ta nuna shuɗin layi.

"Ka tsaya gaban wurin nan!" masanin ya ce wa maƙeri da Hausa, da ƙarfi, ba tare da wata fargaba ba. "Rufe shi da riga. Ku kuma ku bar jingina, kuna kwashe farin da bayanku."

Mutum huɗu suka matsa, kowanne bayan jallabiyarsa fari, motar kuma ta sami taswirar bayansu da shuɗi.

"Ya Hajj," in ji Kamal, "ina za ka ranar?"

"Masallaci."

"Ina masallacin?"

Kowa ya juya. Ga masallacin nan, taku ashirin daga ƙofar gidan Alhaji. Tur'a kuwa tana can bayan gari.

"Ina son zagaye," in ji Alhaji. "Lada ya fi yawa."

"Wace rana ce?"

"Juma'a."

"Talata ta!" wani ya gyara daga baya da Hausa.

"Yi shiru, munka ce Juma'a!"

Kamal ya juya ga liman. "Maulana, Juma'a ce?"

"Allah ne masani."

"Kai ne limamin garin?"

Liman ya gyara rawani. "Allah ne masani."

Kamal ya buɗe ƙofar baya. Kujerar ta zame ta gaishe shi. Ya sa hannu ƙarƙashinta ya fara fito da kaya yana jerawa a ƙasa: lauje uku, ludayi, takalma tara ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Ya buɗe but, ya ɗebo wani abu baƙi-baƙi a tafin hannu, ya kai kusa da tabarau.

"Dabino na," in ji Alhaji. "Ƙanana. Na Koriya."

"Kashin rago na, ka ce zabibi mana!" masanin ya raɗa da murya mai kaiwa bayan gari.

"Wancan takalmina na!" wata murya ta ce. "Kwana biyu ina nema!"

"Bari sai ya tahi, sakarai!"

Kamal ya kakkaɓe hannunsa, ya zauna a bakin angareb, gadon igiya da aka kawo masa, ya buɗe takarda. Ya yi magana a hankali, kamar da kansa yake.

"To, na yarda. Dole ma shi kaɗai ne a ciki. Irin wannan mota ba ta da ƙarfi. A can ƙasarsu 'yan mata ke zuwa sayen burodi da ita. Mutum uku in suka shiga, sai an tura. Ko buhun gawayi ba za ta kai Dinder ba. Miskina. Ban san abin da ya sa ɗanka ya auno maka irin wannan ba, ya Hajj, ko dai abin da ƙarfinsa ya kai ke nan."

Wuyan Alhaji Mato ya fara kumbura. Masanin ya gani, ya kutsa cikin jama'a, ya miƙa yatsu biyu ya mintsina da duk ƙarfinsa. Cinkoso ya yi yawa. Liman ne ya yi tsalle.

"Mutum uku?" in ji Alhaji. Ya miƙe. "Mutum uku kac ce? Ya zol, goma sha biyu muke ciki! Sha biyu, da rago, da tukunyar asida ta mutum talatin! Buhu tara na albasa ta kai Dinder ba ta yi tari ba! Ta ɗauki injin ban-ruwa! Ta ɗauki uwar maƙeri da gadonta! Jama'a, ƙarya nike?"

"Gaskiya ne!" garin duka ya amsa, don an taɓa mutuncin motarsu.

"Ni ina bisa raga!"

"Ni ina tabarma, kujerar ma an cire!"

"Kuma shuɗiya ce, ta fi kyau da shuɗi!"

Kowa ya dubi na kusa da shi. Aka ji farar ƙasa tana ɓarewa daga jikin mota tana faɗuwa, ɓaras, ɓaras.

Ustaz Kamal ya rufe takardarsa, ya cire tabarau, ya buɗe baki da Hausa tsantsa, irin ta tsofaffi, wadda ko jikokinmu ba su iya ba.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Kakata 'yar Abu Hujar ta, ita tar rene ni. Tun ran da kunka zo ofis nike jin ku. Na ji takarda ido gare ta, yau kuma na ji zabibi."

Wani ya ce, "La ilaha illallahu." Maƙeri ya bar gaban shuɗin layin, tunda ba sauran amfani.

"Da kun dawo kun faɗi an sake launi, an cire kujera, ana ɗaukar kaya, da mun gaya muku abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, mu rubuta gaskiya. Yanzu ni farar mota mai kujera biyar nis sani, kuma ban gan ta ba. Ma'alesh, ka yi haƙuri, ba inji." Ya leƙa gaban motar. "Amma mi ya kai ku ga fenti tun farko?"

Aka ba shi labarin idon Indo da gasa liman. Ya sunkuya, ya nuna wani ɗan maɓalli kusa da giya.

"Wanga na ɗumama kujera na. Ƙasarsu ƙanƙara ke zuba. In an danna shi, kujera ta yi zafi. In an sake dannawa, ta huce."

Inna Indo ta ratso jama'a da sandarta. "Wato wata biyu ana gudu na a hanya, an bar sayen gyaɗata, a kan maɓalli?" Ta juya ga Alhaji. "Kai, da kai awa tulun da ba ruwa!"

Alhaji ya dafe kansa da sauri, ko da tsautsayi.

Hajiya Rabi'atu ba ta ɗaga murya ba. "Alhaji, gaban jama'a, wa yac ce ka ɓoye wa takarda gaskiya?"

Alhaji ya nuna da yatsa.

"Wa ya kawo fenti?"

Yatsan bai motsa ba.

"Kujera? Farar ƙasa?"

Yatsan nan ya tsaya cak kamar an kafa shi, kuma duk inda masanin ya matsa sai ya bi shi.

Izzuddeen ya iso ranar da ya faɗa. Ya zaga motarsa, fari nan, shuɗi can, ƙaho huɗu a ka. Ya juya ga ubansa ya ce, "Baba, ka ce tana hutawa." Alhaji ya ce, "Ai yanzu tana yi." Aka yi sera da ita duk da haka, don ango ya rantse ba zai hau wata ba: an ɗaura ta da igiya a bayan tarakta, ango na ciki da farar jallabiya, mata na guɗa, matar Koriya kuma, da yake ita ruwa bai kashe ta ba, tana gaida kowa har ƙofar gidan Malam Mujtaba. Kafin a gama cin abinci Alhaji Mato ya fara gaya wa baƙi cewa a Jidda manyan mutane ba sa tayar da inji ranar aure, jan su ake yi.

Ni kuwa, ga ni a kan tabarma. To, tunda yatsan Alhaji ya riga ni, ba sai na wahalar da ku ba: masanin nan ni ne. Ni na yi mintsinin farko, fentin nawa ne, farar ƙasar tawa ce, kuma tun ranar da na ga kujerar nan ta baya na san da ƙuguna aka auna ta. Duk abin da ya sami motar, ban da ruwan tur'a, daga bakina ya fito, ruwan ma ni na ce a bi ta gaɓa don an fi ganin mutum. Na amsa. Amma ku dubi Allah, jama'a, ko da haka ne, citta mi ta yi?